Birin Kasuwar Mai'adua

Ka ce dillalin nan na kasuwar Mai'adua ya rantse maka ɗan birin da ya ɗaure a turke ruwa biyu ne, uba gwaggon biri, uwa jan biri, shi ya sa ya tsawwala kuɗi. Ajiye igiyar nan, yaro, ka zauna.

Ƙarya yake yi. Ni ma na ga birin ran Lahadi. Ɗan gwaggo ne tsantsa, yunwa da jar ƙasa suka ɓata masa gashi. Da ka duba bindinsa ka ga ya tashi sama sannan ya lanƙwaso kamar an karya shi, ga dogon baki irin na kare. Jan biri kuwa siriri ne, mai dogayen ƙafafu da farin gashi a ciki. Tsakaninsu da nisa. Likitan dabbobin da ke duba mana biran da muke kula da su ya ce ƙwayoyin gadon da suke kira kuromosom, na jan biri 54 ne, na gwaggo 42.

Barbara tsakanin gwaggo da gwaggo dai akwai ta, amma sai inda iri biyu suka yi iyaka. Iri shida ne a duniya, mu a Najeriya ɗaya gare mu, wannan da ke fizge wa baƙi abinci a Yankari. A kwarin Awash na Habasha irin namu ya haɗu da wani mai farar geza. Shi wannan kulle yake yi wa matansa, wadda ta yi nisa ya bi ta ya cije ta a wuya. Namu ba ruwansa da kulle. To, ɗan da suka haifa sai ya fito da guntuwar geza, halin ma rabi da rabi. Haka a Ambosali ta Kenya, inda masana ke bin garkunansu tun 1971, namu na barbarar wani mai gashi ruwan ɗorawa.

Kada ka kawo mini zancen alfadari. Doki 64, jaki 62, ɗansu ya tashi da 63, shi ya sa ba ya haihuwa. Su gwaggo duk 42 ne, ruwa biyunsu na haihuwa har jikoki.

Tashi ka kai wa babban namijin gwaggon nan ruwa. Kuma ka daina ƙura masa ido, a wurinsu neman faɗa ne.