Amsa ga mai tambaya kan koyon tiyata ta intanet

Wallahi ƙanwata, da na karanta tambayarki sai na ji kamar ni na rubuta ta. Kin ce yawancin darasinku na tiyata ta Zoom da bidiyo ake yi, kuma kina fargabar ranar da za a miƙo miki allura hannunki bai san komai ba. Kina da gaskiya.

Mu korona ce ta rutsa da mu a 2020, muna tsakiyar zagayen tiyata aka hana mu shiga asibiti. Cire afendis da gyaran ƙaba, mun kalla har mun haddace. Da aka dawo, wani babban likita ya ce in rufe fata. Safar hannu ta jiƙe, zare na ta sulɓewa, na ɗaura ƙulli ya kwance. Sai ya fizge kayan daga hannuna, ya ce wai likitocin waya aka turo masa. A gaban nas-nas, a gaban 'yan ajinmu! Alhali shi ne mai kashe kyamara ya karanto mana rubutu ya tafi, ko tambaya ba ya tsayawa amsawa. Bai taɓa nuna mana yadda ake riƙe almakashi ba. Na fita na rasa inda zan sa kaina, har na fara tunanin tiyata ba tawa ba ce. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Amma kar ki raina bidiyon. Shafin bidiyon WebSurg na cibiyar koyar da tiyata ta IRCAD da ke Faransa kyauta ne, a can na gane yadda ake tantance bututu da jijiyar matsarmama kafin a yanke. Manhajar Touch Surgery kuma tana bi da ke mataki-mataki. Ido suke koyarwa da jerin aiki. Taurin nama da yadda za ki ja zare bai tsinke ba, wannan sai hannu ya taɓa.

Ki nemi abin riƙe allura da zaren da ya wuce wa'adi, ki samu soso, kullum ki yi ɗinki. Da safar hannu fa, ki ma jiƙa ta. Ƙulli kuwa ko a hannun kujera ki riƙa ɗaurawa kina sauraron lacca.

Kuma don Allah ki riƙa barci, mu mun wahalar da kanmu da kallon dare.

Ki kama ƙafa da nas-nas ɗin ɗakin tiyata, su suka koya min wankin hannu da sa riga ba tare da na taɓa inda bai kamata ba. In an ce aiki da dare ne, ki je, lokacin ɗalibai ba su da yawa, an fi ba mutum dama. Wace shekara kike yanzu? In kina so zan turo miki bidiyoyin da na fara da su.