Wane abinci ya dace da Touriga Nacional?

Malam, ka ce kana aiki a gidan abinci a Lisbon, baƙi na tambayarka abin da za su ci da wannan giya.

Touriga Nacional inabi ne na yankunan Douro da Dão a Portugal, ƙananan 'ya'ya masu kaurin ɓawo, shi ya sa giyarsa ke da duhu da bauri. Baurin nan maiƙo yake so: gasasshen ɗan akuya, naman rago, ko cukun Serra da Estrela na madarar tumaki. A ganina ɗan akuyan ya fi.

Kada ka haɗa ta da farin kifi, kuma yaji mai yawa yana ƙara mata ɗaci. Wasu kan zaci Port ce, wata giyar Portugal da ake ƙara wa barasa, alhali Port mai zaƙi ce, barasarta kusan kashi 20 cikin ɗari. Kan shekarar da aka girbe inabin kowace kwalba, tuntuɓi masanin giyar gidanku.