Koyarwa da waƙa, ga kuma iyali

Malam, ka ce da safe kana aji, da yamma kana sutudiyo, uwargida kuma tana ƙorafin yara sun daina ganinka. Ni ma na sha wannan. Kada ka saki koyarwar. Albashi ko ya makara zai zo, kuɗin waƙa kuwa sai lokacin biki, musamman Sha'aban da ake rububin aure kafin azumi. Ramadan na shiga kasuwa ta kwanta. Ni sai na tara ɗaukar waƙoƙina zuwa dogon hutun Agusta, na daina kwana a sutudiyon Zoo Road a Kano. Ranakun makaranta kuwa, daga Magariba zuwa Isha'i wayata a kashe take, ina kan tabarma muna yin jinga da 'yata.