Shuka wa kyanwa ciyawa a cikin gida

'Yar'uwa daga Garwa, kin ce kyanwarki ta addabi furannin ɗakinki da taunawa, kina son sanin yadda za ki shuka mata ciyawa tata. Abin ba wuya, alkama kawai ake tsirarwa, ko sha'ir in kin samu.

Ki sayi alkamar ci a kasuwa, irin wadda ake kai wa niƙa. Ki guji iri mai launin ja ko shuɗi da ake sayar wa manoma, an shafa masa magani. Kuma don Allah kada ki ce dawa ta fi samuwa ki shuka ta. Ɗanyen tsiron dawa, har da muskuwari, wato dawar rani, yana ɗauke da guba mai fitar da sinadarin sayanayid, shi ya sa makiyaya ke hana dabbobinsu kiwon gyauron dawa.

Ki jiƙa alkamar, cikin hannu ɗaya, ta kwana. Da safe ki huda gindin gwangwanin madara, ki cika da ƙasa haɗe da ɗan yashi, ki barbaɗa irin, ki rufe shi sama-sama. Cikin kwana 3 zuwa 4 zai leƙo, bayan mako guda ko kwana 10 ya kai tsawon yatsa, sai ki miƙa mata.

Yawan ruwa ne ke kashe tsiron. Danshi yake so, in ya yi caɓa-caɓa sai farar fumfuna ta kama gindinsa, wannan kam zubarwa za ki yi. A zafin Maris da Afrilu ki ajiye shi gefen taga inda rana ba ta dukansa, ki yayyafa ruwa safe da yamma. Bayan mako 2 zuwa 3 yakan yi rawaya, saboda haka ki riƙa tsirar da wani gwangwanin tun kafin na farko ya ƙare.