Likita ya amsa: Kumburin hanji da ƙwayoyin hanji masu amfani

Tambaya: Likita, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12. Da cikina ya murɗa sai in sayi Flagyl ko ja-da-yalo a kemis in haɗiya. Yanzu gudawar ma ta ƙi tsayawa.

Amsa: Alhaji, don Allah ka dakata haka. A babban hanjinka akwai ƙwayoyin bakteriya bila adadin waɗanda suke yi maka aiki. Su ke cin dusar abincin da ciki ya kasa narkarwa, irin ta wake, gero, dawa da kuɓewa, su fitar da wani sinadari mai suna butiret. Da shi bangon hanji yake rayuwa, ya yi ƙarfi ya hana guba ratsawa cikin jini, kuma shi ke kwantar da garkuwar jiki kada ta far wa hanjin har ya kumbura. Antibayotik kuwa, wato maganin kashe bakteriya irin Flagyl da ja-da-yalo da kake haɗiya, ba ya tantance na kirki da mugu, share su yake yi gaba ɗaya, sai miyagun su samu fili. Abin yana damuna ƙwarai, don kullum ina ganin irinsa. Ka je a gwada bayan gidanka, ka rage burodi da lemon kwalba, ka koma wa tuwon dawa da miyar zogale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla giram 25 na dusar abinci kullum.

Tambaya: Daga Agege nake. Gaskiya ne kindirmo yana gyara hanji?

Amsa: Hajiya, yana taimakawa, don akwai Lactobacillus, wani nau'in bakteriya mai amfani, a cikinsa. Amma sai wanda aka tafasa madararsa kafin a kwantar; ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu. Yogot ɗin da aka cika wa sukari kuma amfaninsa kaɗan ne.

Tambaya: Ƙanena a Idi-Araba yana bayan gida da jini da majina wata 3, ya rame. An ce basir ne, yana shan jiƙo.

Amsa: Malam, wannan ya wuce gyaran abinci. Zai iya zama atini, ko ciwon gyambon babban hanji, ko ma daji. Asibitin koyarwa na LUTH yana nan unguwarku. Ku kai shi wajen likitan hanji cikin makon nan, wataƙila a leƙa hanjin da na'ura. Jiƙon kuma ya ajiye shi tukuna.