Tambayi Anti: Mu 14 ne za mu shiga jirgin ruwa da asuba a Yawuri, Hajiyata ta ce ba da yawunta ba

Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya ya aiki ya iyali. Mu 14 ne da muka gama sakandare tare, muna da gurup a WhatsApp muna adashe kuma duk ƙarshen shekara muna haɗuwa gidan ɗaya daga cikinmu a ci a sha a yi zumunci. To bana wadda ke aure a Yawuri ce za ta karɓe mu, shi ne ta kawo shawarar mu fita da asuba cikin jirgin ruwa mu ga fitowar rana a kan kogi, wallahi kowa ta yi na'am har an fara maganar anko. Ni matsalata Hajiyata, tunda ta ji ta ce ba da yawunta ba wai ruwa ba ya da reshe, maigidana kuma ya ce in Hajiya ta yarda shi ba shi da ta cewa. Anti abin nan yana da haɗari ne sosai? wane lokaci ya fi, kuma me za mu tanada? Ni ko rafi ban taɓa tsallakawa ba.
Ƙanwarki daga Sakkwato

Wa alaikumus salam ƙanwata. Hajiya ba ta yi ƙarya ba fa, kar ki je kina mata musu. Duk wanda ke sauraron rediyo bai manta Warra ba, nan ƙasar Yawuri ɗin dai, Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum sama da 150 ya dare a tsakiyar ruwa, ƙalilan aka ceto. A ƙarshen Nuwamban shekarar kuma ga na Bagwai a Kano, yawanci yaran Islamiyya ne za su Mauludi. Ga na Patigi a jihar Kwara a 2023, ƴan biki suna dawowa cikin dare, sama da mutum 100 suka rasu. To amma in kin duba duk labarin kusan iri ɗaya ne, lodi ya wuce kima, jirgi ya tsufa, ko tafiyar dare, kuma babu mai rigar ruwa a jiki, wato rigar nan mai hana nutsewa. Waɗannan kuwa duk abubuwa ne da ke hannunku tunda ku ba kasuwa za ku ba balle a ce dole sai jirgin da aka samu, yawon buɗe ido za ku, kuɗinku ne, ku ke da zaɓi.

Saboda haka shata za ku ɗauka, kuma ni da za ku ji tawa jirgi biyu za ku ɗauka bakwai bakwai, su tafi kusa da juna. Eh kuɗin zai ƙaru, a rage na ankon. Kuma ba da asubar ake cinikin ba, wannan shi ne kuskuren da na taɓa yi da kaina shekarun baya, muka isa bakin ruwa cikin duhu da fitilar waya muka yi ciniki da wanda muka fara gani, sai da gari ya waye na ga yaronsa tun tashinmu yake kwarfar ruwa da gwangwani ba hutawa, ga shi ya ƙaro mana mutum uku da buhunansu wai hanya ɗaya ce, ranar ban ga wata rana ba ƙasan jirgi na yi ta kallo ina salati. Ku sa mijin ƙawar taku ya je tun ana gobe tafiyar da la'asar, ido na ganin ido, ya bi ta wajen Sarkin Ruwa ko shugabannin matuƙa na tashar su ba shi mutumin da suka sani, ya ga jirgin da rana, ya ga ko katakon ya sha faci, a tada inji a gabansa, a tabbatar akwai filafili da gora ko da inji zai mutu, fetur kuma har da na ajiya. A faɗa masa ƙarara ba a ƙara ko mutum ɗaya, rabin kuɗi yanzu rabi in an dawo.

Rigar ruwa kuma ba a ciniki a kanta. 14 cif, kowa ta saka ta ɗaure tun a gaɓa, ba a riƙe a hannu ba ba a zauna a kai ba. In matuƙin ba shi da su a tambayi ofishin NIWA, hukumar da ke kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ko ku saya ku taho da su daga gida, ai gurup ne za ta yi muku amfani gaba. Na san halinmu mata, za a ce tana ɓata kwalliya a hoto. Ta ɓata. Kuma a kan hijabi ake sakawa ba ƙarƙashi ba, ranar a bar zurmemen hijabi mai jan ƙasa da leshi mai nauyi a gida, tufa in ta jiƙe nauyinta ninkuwa yake, a sa madaidaici da wando a ciki da takalmi fulat.

Yanzu maganar lokaci. Ni na fi son Nuwamba zuwa farkon Disamba, damina ta ɗauke babu fargabar hadari ya taso muku a tsakiyar ruwa, hazo kuma bai kankama ba. In kuka kai Janairu ana tsakiyar hunturu wata ran sai ƙarfe takwas ta yi ba ku ga rana ba, in ta fito ma kamar farin faifai a bayan labule, ga sanyin kan ruwa da ya ninka na tudu. A tsakiyar Nuwamba rana na fitowa a Yawuri wajen 6:40, a Janairu kuwa sai bakwai ta ɗan gota. Dokar NIWA ta hana tafiyar ruwa daga shida na yamma zuwa shida na safe, kin ga abin ya zo daidai, ku yi sallar asuba a gida a natse, shida ku kasance bakin ruwa, in ido ya fara rarrabe fuska a tashi. Dama ainihin kyan abin yana cikin minti 20 ɗin nan kafin ranar ta ɓullo, lokacin da gabas ke yin ja ruwan kuma ya kwanta lumui kamar an shafe shi, iska ba ta tashi sai hantsi.

Ga wani abu da baƙi ba sa lura, garin Yawuri a gaɓar gabas yake, wato rana ta bayan gari take fitowa, in kin tsaya a tasha kina kallon ruwa kin ba ta baya kenan. Sai kun nausa ciki kun juyo kun fuskanci gari sannan za ku ga hasken ya zubo a kan ruwa. Ku faɗa wa matuƙin abin da kuka zo gani tun farko, don shi a wajensa fitowar rana ba abin kallo ba ne, kullum yana gani, yana iya yi muku dariya ma.

Kuma dalilin da ya sa nake nacewa sai ɗan gari, ruwan nan ba kogi ne zalla ba, saman tafkin Kainji ne. Da aka gama madatsar a 1968 ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da tsibirai da gonaki da dazuka, aka tashi mutum sama da 40,000, Gungawa da yawa suka bar gungunansu suka dawo tudu. Itatuwan da ruwan ya cinye har yau kututturansu na nan a ƙasa, wasu dab da saman ruwa, jirgi mai gudu in ya hau ɗaya shikenan. Wanda aka haifa a wajen ya san inda suke kamar yadda kika san lungunan unguwarku. Haka dorina, akwai ta a yankin, bikin Rigata da ake yi a Yawuri ma an ce asalinsa daga farautarta ne. Da asuba take komowa ruwa daga kiwon dare, in an hango ta a kalla daga nesa, kar wata ta ce a matsa a yi bidiyo, mai ɗa musamman ba ta da wasa ko kaɗan.

Abin da zai fi burge ki ma ina jin ba ranar ba ce. Masunta ne ke dawowa daga kwanan ruwa suna jan taru, wani a tsaye a bakin ɗan kwale-kwalensa yana wurga birgi ya buɗe kamar laima, belbelu na tashi jere jere, zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya kamar an dasa shi. Ku riƙe ƴan canji, karfasa da ragon ruwa da aka fiddo yanzun nan ba irin wanda kika saba saye ba ne, ku koma da shi a yi muku farfesun karin kumallo.

Doka ɗaya a cikin jirgi, ku naɗa mutum ɗaya mai faɗa a ji, irin wadda ta yi hedigel ɗin nan, ba mai miƙewa tsaye ba mai canza wuri. Jirgin gurup ba igiyar ruwa ke kifar da shi ba yawanci, wata ce za ta ce ku zo ku gani kowa ya ruɗu gefe ɗaya. Hoton taro a yi shi a gaɓa. Waya a saka a leda mai zif, fulas ɗin shayi, rigar sanyi, awa ɗaya da rabi ya isa ku dawo kafin iska.

Ita kuwa Hajiya kar ki ce mata ai ba komai. Ki zauna ki lissafa mata, jirgi biyu, mutum bakwai, riga a jikin kowa, da rana aka duba jirgin, mijin wance ne ya tsaya. In ta yarda ki roƙi addu'arta, in ta ƙi ki bi su Yawurin ki zauna a gaɓa ki riƙe musu jakunkuna, kifin dai da ke za a ci. Hanya kuma ta Jega da Koko a bi ta da rana, a tambayi direbobin tasha halin da take ciki kafin a kama.

*

Anti ina wuni. Mu ma muna da irin wannan shirin da iyalina amma Tiga za mu don mu a Kano muke, yarana 3 ƙaramin shekararsa 4, matata kuma ko a mota jiri take. A tafi da su?
Wani magidanci daga Kano

Malam lafiya lau. Tiga ta yi, madatsa ce tun zamanin Audu Bako kuma ruwan a kwance yake, sai dai ku rana na fito muku kafin ta fito wa mutanen Yawuri da kamar kwata ɗin awa, a yi sammako. Yaro sai da rigar ruwa daidai jikinsa, ta manya zamewa take ta kansa ya fice ta ƙasa, in ba a samu tasa ba ɗan autan ya zauna a tudu da wani babba. Kuma kar a bar su su yi wanka ko wasa a bakin ruwan, ruwan dam inda ciyawa da dodon koɗi suke nan ake ɗaukar tsargiya, sai bayan makonni ka ga yaro na fitsarin jini. Uwargida ta ɗan ci wani abu mara maiƙo kafin a fita, ta zauna a tsakiyar jirgi tana kallon nesa ba waya ba, ɗanyar citta a baki tana taimaka wa wasu. In ta ce a juya a juya kawai Malam, ban da ai saura kaɗan.