Baba ya kamu da wata cuta a gadon asibiti, an ce magani ba ya ci

Tambaya: Likita, daga Aboabo nake a Kumasi. Babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, aka kwantar da shi a ɗakin kulawa ta musamman. A rana ta biyar zazzaɓi ya rufe shi, aka ce huhunsa ya kamu da cuta kuma allurar da ake masa ba ta ci. Sakaci ne, ko jikinsa ne ya ƙi magani?

Amsa: Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ba jikinsa ne ya ƙi magani ba, ƙwayar cutar ce ta saba da shi har ta daina jinsa.

Duk cutar da ta bayyana bayan awa 48 da kwantar da mutum, muna ɗaukarta a asibiti aka kwaso ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe irin namu, cikin majinyata 100 da aka kwantar, kusan 15 kan kamu. Wani lokaci akwai sakaci, ba zan ɓoye miki ba, amma ko an kiyaye tana faruwa.

Ki dubi Baba da kyau in kin shiga. Bututun numfashi a maƙogwaro, robar fitsari, allurar ƙarin ruwa a jijiya: kowanne ƙofa ce a buɗe. Mai bututu ba ya iya tari, sai yawu ya taru ya gangara huhu ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Klebsiella da Acinetobacter. Ita Acinetobacter takan yi makonni a busasshen ƙarfen gado tana jira. Waɗannan sun daɗe suna gogayya da magani a ɗakin, shi ya sa allurar kashe ƙwayoyin cuta irin ceftriaxone kan wuce su kamar an zuba ruwa a kwando. Sai a koma meropenem mai tsada, wani lokaci har colistin, wanda ke taɓa ƙoda.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne daga gida muke fara horar da ƙwayoyin cutar. Mura kaɗan sai a ruga kemis a sayo kafso huɗu, ko a fasa shi a barbaɗa a miki.

Ki tambayi likitansa ko an kai majinarsa da jininsa ɗakin gwaji. Sakamakon kan ɗauki kwana 2 zuwa 3, kuma shi ke faɗin maganin da zai ci. Ki faɗa musu duk kafson da ya sha a watannin nan, kada ki ji nauyi. Ki kuma riƙa tambaya ko lokacin cire robar fitsarin ya yi.

Na san dubiya ibada ce a Zango, amma a rage cincirindo. Wanda zai shiga ya murza hannunsa da sanitaiza na sakan 20 zuwa 30, shiga da fita, kuma kada a sauke masa kan gadon don a ga ya miƙe, da gangan aka ɗaga shi saboda huhun.